Karatun Share Fage Ga Ƙananan Yara Masu Buƙata Ta Musamman

Karatun share fage shi ne koyarwar da ake yi wa yaro kafin ya shiga firamare, galibi daga shekara 3 zuwa 5, a naziri ko ajin yara na makarantar gwamnati. Yaron da ke da lalurar da ta jinkirta masa magana, tafiya, ji, gani ko fahimta, ya fi kowa buƙatar wannan karatu. Sai dai a wurarenmu shi aka fi bari a gida. Iyaye da dama kan ce sai ya fara magana ko ya fara tafiya za a sa shi makaranta, wasu makarantun kuma su ƙi karɓarsa. A wannan jiran ne shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar abu suke wucewa.

Waɗanne lalurori ake nufi?

Lalurori ne da ke farawa tun yaro yana ciki, ko lokacin haihuwa, ko a shekarun farko na rayuwa, su shafi yadda yake koyon motsi, magana, tunani ko mu'amala da mutane. Waɗanda aka fi gani a asibiti su ne:

1. Raunin ƙwaƙwalwa mai shafar motsi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CP. Gaɓɓan yaro kan yi tauri ko su saki, ya makara wajen riƙe wuya, zama da tafiya. Ba shan inna ba ne, kuma da yawan masu shi hankalinsu lafiya lau yake.
2. Otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Yaro ba ya yawan haɗa ido, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, magana ta yi jinkiri, yana maimaita motsi iri ɗaya, ƙara ko sauyin abin da ya saba yana tayar masa da hankali.
3. Lalurar Down. Tana faruwa ne idan aka haifi yaro da ƙarin kuromosom na 21, wato guda uku maimakon biyu. Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da ita.
4. Raunin fahimta, inda yaro ke koyon komai a hankali fiye da sa'o'insa.
5. Kurumta ko raunin ji, da makanta ko raunin gani.
6. Jinkirin magana shi kaɗai, da lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya fiye da kima.

Yaro ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku daga ciki, kuma farfaɗiya takan zo tare da wasunsu. Wani babban bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 akwai yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara 5 da ke da irin waɗannan lalurori a duniya, kuma kimanin kashi 95 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin su Najeriya da Nijar.

Me ke kawo su?

A yankinmu abubuwan da suka fi jawo su sun haɗa da doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska, shawarar jarirai mai tsanani da ba a yi maganinta da wuri ba, haihuwar bakwaini, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙyanda, tamowa, da ƙarancin sinadarin ayodin a abincin mai ciki. Gubar dalma ma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinare a jihar Zamfara, wasu daga cikin waɗanda suka rayu kuma suka tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. Wasu lalurorin daga ƙwayoyin halitta suke, wasu kuma ba a gano dalilinsu ko bayan an yi bincike.

Ba sammu ne ke kawo su ba, ba shafar aljanu ba, ba kuma laifin uwa ba ne. Allurar rigakafi ba ta kawo otizim. An yi bincike a kan yara masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban ba a sami alaƙa ba. Hasali ma rigakafin ƙyanda da na sanƙarau suna kare yaro daga kurumta da raunin ƙwaƙwalwa.

Alamomin da ke nuna a kai yaro asibiti

Yara sun bambanta, wani ya riga wani. Amma idan kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ku jira:

- Wata 3 ba ya murmushi, ba ya bin fuska da ido, ko ƙara mai ƙarfi ba ta razana shi.
- Wata 4 zuwa 5 wuyansa bai tsaya ba.
- Wata 9 ba ya zama da kansa.
- Wata 12 ba ya gwaranci, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira shi.
- Wata 18 ba ya tafiya, ko ba ya faɗin ko kalma ɗaya.
- Shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kamar “ba ni” ko “mama zo”.
- A kowane lokaci ya daina abin da ya riga ya iya, kamar magana ko tafiya.

Idan bakwaini ne, a cire makonnin da ya rage bai cika ba daga lissafin watanninsa, har ya kai shekara 2. Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri a fara da gwajin ji, ko da a gida ana ganin kamar yana ji. Yaro na iya jin ƙarar babur amma ba ya jin sautin kalmomi sosai.

Me ya sa ba a so a jira?

Ƙwaƙwalwar yaro takan kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babba a shekara 3, kusan kashi 90 a shekara 5. A wannan lokacin ne hanyoyin sadarwa tsakanin ƙwayoyinta ke ƙulluwa da sauri. Hanyar da ake amfani da ita tana ƙarfi, wadda aka bari kuma ta shafe. Shi ya sa Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Misali mafi bayyana shi ne na ji. Ƙa'idar da likitocin kunne ke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Yaron da aka sa wa na'urar ƙara ji ko aka fara masa maganar hannu a wannan lokaci yakan samu harshe kusan daidai da sa'o'insa. Wanda ya kai shekara 7 babu magana babu maganar hannu, koyon karatu kan yi masa wuya matuƙa, alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya take.

Karatun share fage ba ya warkar da lalurar Down ko otizim ko CP. Abin da yake yi shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin yaro da sa'o'insa, ya koya masa dogaro da kai, ya kuma hana ƙarin matsaloli irin su ƙagewar gaɓɓai da yawan fushi saboda rashin hanyar bayyana buƙata. Wanda ya makara ma bai yi asara ba. Yaro yana ci gaba da koyo a kowace shekara, sai dai da wuri ya fi sauƙi.

Me ake koyarwa a wannan mataki?

Ba rubutu da haddar ABCD ne kan gaba ba. Abubuwa biyar ake ginawa:

1. Sadarwa. Yaro ya samu hanyar cewa yana jin yunwa, yana son ruwa, ko wani wuri na yi masa ciwo, ko da baki, ko da hannu, ko ta nuna hoto. Koya wa yaro alamar hannu ko hoto ba ya hana shi magana. Yakan ma taimaka mata ta fito.
2. Kula da kai. Cin abinci da hannunsa, shan ruwa a kofi, wanke hannu, cire takalmi, zama a fo.
3. Motsi. Zama, tsayuwa, tafiya, hawa matakala, da ƙananan ayyukan yatsu kamar riƙe alli da zura igiya a murfin gora.
4. Zama da mutane. Gaisuwa, jiran layi, karɓa-karɓa a wasa, zama a tabarma tare da sauran yara na 'yan mintoci.
5. Tunani. Haɗa abu da irinsa, bambance babba da ƙarami, launuka, ƙirga abin da yake gani.

Ana koyar da su ta hanyar wasa, waƙa da maimaitawa, kuma ana rarraba kowane aiki zuwa ƙananan matakai. Wanke hannu, alal misali, mataki shida ne: zuba ruwa, ɗaukar sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa, ajiye buta, gogewa. Malama za ta riƙe hannun yaro su yi biyar na farko tare, ta bar masa na ƙarshe. In ya iya, ta bar masa biyu na ƙarshe, har ya iya duka.

Tsarin koyo na yaro shi kaɗai

Ya kamata kowane yaro ya samu rubutaccen tsari nasa, wanda iyaye da malama za su zauna su tsara, tare da shawarar likita ko mai gashin ƙashi. A Amurka doka ce ta wajabta wa makarantun gwamnati yin irin wannan tsari ga yaro mai nakasa tun daga shekara 3. A nan ko babu doka, littafin rubutu guda ɗaya ya isa. A rubuta abin da yaro ya iya yanzu, a zaɓi buri uku ko huɗu na zango ɗaya, a rubuta wanda zai koyar da yadda za a gane an cim ma burin. Buri ya zama abin da ido zai gani. “Ya ƙara wayo” ba buri ba ne. “Ya nuna kofi in yana son ruwa” ko “ya zauna a kujerarsa minti 5 ana karanta labari” su ne buri. Ƙarshen zango a sake zama a duba.

Wace makaranta ta dace?

Hanya uku ce. Ta farko, makarantar unguwa tare da sauran yara. Ita ce aka fi so ga mafi yawan yara, domin yaro yana kwaikwayon magana da wasa daga sa'o'insa, su ma su tashi da sanin cewa ɗan'uwansu ne. Wannan shi ne matsayin taron da UNESCO ta shirya a Salamanka ta ƙasar Sifaniya a 1994, da kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006. Ta biyu, makaranta ko aji na musamman, wanda ya fi dacewa da kurame masu buƙatar maganar hannu, makafi masu buƙatar rubutun makafi, da yaran da lalurarsu ta yi tsanani. Ta uku, koyarwa a gida, inda ma'aikaci ke zuwa lokaci zuwa lokaci ya nuna wa uwa abin da za ta yi. Ita ce ta fi dacewa da 'yan ƙasa da shekara 3 da kuma inda babu makaranta kusa.

Kafin ku biya kuɗi, ku je ku ga ajin da idonku ana cikin karatu, ku duba waɗannan:

- Yara nawa ne a hannun malama ɗaya, kuma akwai mai taimaka mata?
- Ana duka ko tsawa? Yaron da ba ya magana ba zai iya kai ƙara ba.
- Wa ke raka yara bayi, kuma mace ce ke kula da 'ya mace?
- Ƙofa tana rufe yadda yaro ba zai fice titi ba? Akwai rijiya ko rami a buɗe?
- Keken yaro zai iya shiga aji da bayi?
- An yarda uwa ko yaya ta zauna da shi a makonnin farko?
- Malama ta yarda ta riƙa rubuta abin da ya faru kullum a littafin da zai riƙa zuwa gida?

Malama mai haƙuri da son koyo ta fi gini mai kyau. Kuma ba dole ba ne yaro ya fara da cikakken yini. A fara da awa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa. Haka ma a Islamiyya ko makarantar allo ta unguwa: a yi wa malam bayanin lalurar, a roƙe shi kada a dake shi, a sa shi gaba, a bar shi ya tashi idan ya gaji.

Abin da malama ya kamata ta sani game da kowace lalura

Mai CP: a zaunar da shi a miƙe, ƙafafu a dafe da ƙasa, a riƙa sauya masa zama don kada gaɓɓai su ƙage. Kada a ba shi abinci ko ruwa yana kwance, domin zai iya shaƙewa abincin ya bi ta huhu. Yawan tari lokacin cin abinci alama ce ta a koma wurin likita.

Mai otizim: yana samun natsuwa idan ayyukan yini suna tafiya a tsari ɗaya kullum. A jera masa hotunan abin da za a yi, a sanar da shi kafin a sauya aiki, a yi masa gajeren umarni, a ware masa wuri marar hayaniya. Kuka da birgima sau da yawa saƙo ne. A nemi abin da ya tayar da shi.

Mai lalurar Down: ya fi koyo da abin da ya gani fiye da abin da ya ji, don haka a riƙa nuna masa. Kusan rabin masu lalurar ana haifarsu da matsalar zuciya, kuma raunin ji, raunin gani da ƙarancin aikin maƙoƙo sun yawaita a cikinsu. Idan karatunsa ya ja baya ko ya cika kasala, a duba waɗannan kafin a ce ƙiwa ce.

Kurma ko mai raunin ji: ya zauna gaba, malama ta fuskance shi cikin haske in tana magana. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, makarantun kurame kuma suna koyar da wadda ta samo asali daga ta Amurka. Ko wacce aka samu, duk gidan su koya, ba yaron kaɗai ba.

Mai raunin gani: a faɗa masa abin da ke faruwa, a ba shi abu ya taɓa, kada a riƙa sauya wa kayan aji wuri.

Mai farfaɗiya: farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu. Idan ta tashi a kwantar da yaro a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki, kada a danne shi. Idan jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya da shi asibiti. Kada a daina magani sai da izinin likita.

Aikin gida

Yaro yana 'yan awoyi ne a makaranta, sauran yinin yana gida, don haka iyaye su ne manyan malamansa. Ba sai an sayi kayan wasa masu tsada ba. Muraben gora, kofuna, ludayi, kwali da yashi sun isa, amma a kula da ƙananan abubuwan da zai iya haɗiyewa. Ku riƙa yi masa magana lokacin wanka, girki da cin abinci, kuna faɗin sunan abin da yake kallo. In kun yi tambaya ku ɗan dakata, ku ba shi lokaci ya amsa. Kada ku riga shi yin abin da zai iya da kansa saboda tausayi. Ku yaba masa nan take idan ya yi ƙoƙari. Ku sa 'yan'uwansa su yi wasa da shi, ku fita da shi suna da biki, kada a kulle shi a ɗaki. Ku yi masa magana da harshen da kuka fi iyawa. Jin harshe biyu ba ya kawo jinkirin magana.

Waya da talabijin ba sa koya wa ƙaramin yaro magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba 'yan ƙasa da shekara 2 kallo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Hukumar tana da shirin horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu irin waɗannan lalurori, wanda ya ƙunshi zama tara na rukuni da ziyarar gida uku, an kuma tsara shi yadda ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya koyar da shi.

Rainon irin wannan yaro akwai gajiya. Maigida da dangi su karɓi uwa, su raba zuwa asibiti da makaranta. Uwar da ta daina barci, ta daina cin abinci, ko kuka ya yi mata yawa, ita ma tana buƙatar ganin likita.

Haƙƙin yaro a doka

A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara da karatunsu kafin firamare. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba mai nakasa 'yancin karatu ba tare da wariya ba, kyauta har zuwa sakandare. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ambata a sama a 2008, Najeriya a 2010. Idan makarantar gwamnati ta ƙi karɓar yaro saboda lalurarsa, ku tafi da takardar likita wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko ofishin SUBEB na jiha.

Ina za a nemi taimako?

A fara da likitan yara a babban asibiti mafi kusa. Shi zai tura ku inda ya dace: gwajin ji, gwajin ido, sashen gashin ƙashi, ko wurin mai koyar da magana. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da likitocin yara masu duba lalurorin ƙwaƙwalwa. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Ta ɓangaren makaranta akwai ta Tudun Maliki a Kano, kuma Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna horar da malaman ilimi na musamman.

Ku yi hattara da duk wanda ya ce yana da maganin da zai warkar da otizim, lalurar Down ko CP, na asibiti ne ko na gargajiya. Babu allura ko ƙwaya ko jiƙo da ke yin haka. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti da makaranta, amma hayaƙi, duka ko ɗaure yaro da sunan fitar da iska cutarwa ce. Kuɗin da za a kashe a can gara a sa shi a gwajin ji, kujerar da ta dace da zaman yaro, abinci mai gina jiki da kuɗin makaranta.

Ranar da za ku ga likita ku tafi da katin rigakafi da magungunan da yaro ke sha, da ɗan bidiyo a waya na abin da ke damunku, domin yara sukan ƙi nuna halinsu a ɗakin likita. Kafin ku fito ku nemi ya rubuta muku takarda zuwa makaranta, mai bayanin abin da yaron ya iya, abin da yake buƙata, da abin da za a yi idan ciwo ya taso masa a aji. Ba sai an gama gano sunan lalurar ake fara koyarwa ba; ana iya farawa a gida da makaranta tun ana jiran sakamakon gwaji.